Kwas ɗin onlayin na dubu 150 ko mastas? Amsa ga malamin da yake son komawa harkar data

Tambayar da wani ɗan'uwa ya turo ita ce, ya karanta Ekonomiks, ya gama hidimar ƙasa, yanzu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano kuma albashin ba ya kai shi ƙarshen wata. Ya ce ya tara satifiket na onlayin sun kai goma, na Coursera da na Udemy da na tarukan Zoom, amma duk inda ya tura CV shiru kake ji. Yanzu ga wani yana tallar kwas ɗin nazarin data, wato tsara bayanai da lambobi a fito da ma'anarsu, na wata uku a kan naira dubu 150, ga kuma abokai suna ce masa ya rabu da wannan ya yi mastas ta onlayin a NOUN, jami'ar karatun nesa ta ƙasa, ko ABU. Waya kawai gare shi, ba shi da laftof. Wanne zai kama?

Toh Malam, Allah ya sa a dace. Ni aikina bibiya da tantance ayyukan lafiya ne, wato M&E, kuma ina zama cikin masu yin intabiyu idan za a ɗauki ma'aikatan data, saboda haka daga wannan kujerar zan ba ka amsa. Kada ka biya dubu 150 ɗin nan yanzu, kada kuma ka yanki fom ɗin mastas yanzu, ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna. Matsalar ita ce ka haɗa abubuwa biyu da kowanne ƙofarsa daban, akwai takardar da hukuma ta yarda da ita, akwai kuma iya aiki da hannu, kuma satifiket goman da ka tara gaskiya ba su shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba, shi ya sa kake jin shiru.

Bari in fara da takarda tunda ita mutanenmu suka fi sani. In burinka aikin gwamnati ne, ko ƙarin girma a ma'aikata, ko koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi, to abin da za a buɗe fayil ɗinka a duba shi ne digiri daga makarantar da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da ita, ba ruwan mai duba fayil da Coursera. A nan karatun nesa yana da amfani sosai kuma ba abin raini ba ne. NOUN ba jiya ta fara ba, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya dawo da ita a 2002, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ɗan Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiyoyin karatu a jihohi, kana karanta littattafan kwas a gida ka yi gwaje-gwajenka ta intanet, amma jarrabawar ƙarshen zango galibi sai ka je cibiya da ƙafarka an gan ka. ABU Zariya ma tana da cibiyar karatun nesa, suna yin MBA, mastas ta harkar kasuwanci, da PGDE, diflomar koyarwa ta bayan digiri, da wasu digirori. Takardun nan na gaske ne. Kai da kake koyarwa ma in da a ce koyarwar kake so ka riƙe a matsayin sana'a, da PGDE zan ce ka yi ka samu rijistar TRCN, hukumar rijistar malamai, ya fi maka mastas amfani nesa ba kusa ba. Ga ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan kuma, ku nemi izinin karatu a rubuce daga wurin aikinku kafin ku fara, don mutum yakan gama karatu ya kawo takarda a ce ba a san da zamansa ba, ta kwanta a fayil shekara da shekaru. Mai shirin digirin farko ta karatun nesa shi ma ya tambayi yadda maganar NYSC take tun kafin ya biya kuɗi, domin an daɗe ana ba ɗaliban irin wannan tsarin takardar keɓewa ne maimakon tura su hidima.

Sai dai a yi hattara da masu cewa digiri cikin gaggawa daga waje. A Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi, farkon Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, kuma abin tausayin har waɗanda suka je suka yi karatun tsakani da Allah sai da ya shafe su. Duk jami'ar da aka ce maka ta onlayin ce, kafin ka tura ko sisi ka duba sunanta a jerin NUC, ka kuma duba cewa shi kansa kwas ɗin an amince da shi.

Amma kai ba wannan ka tambaya ba a zahiri, kai so kake ka canza layi ka koma aikin data, kuma a wannan layin mastas ba za ta koya maka abin da za mu gwada ka a kai ba. Bari in gaya maka yadda intabiyun yake. Bayan gaisuwa da tambaya biyu uku, sai a turo maka laftof an buɗe Excel, a ciki akwai rahoton wata-wata na ƙananan asibitoci, layi ɗari-ɗari, kuma da gangan ba a gyara shi ba, yadda yake fitowa daga fili haka za ka gan shi. Ƙaramar hukuma ɗaya an rubuta ta kala uku, wani ya rubuta Dawakin Tofa, wani D/Tofa, wani ya bar sarari a ƙarshen sunan wanda ido ba ya gani amma kwamfuta tana ganinsa, wani asibitin ya turo rahoton wata ɗaya sau biyu, a wani layin adadin yaran da aka yi wa rigakafi ya fi adadin yaran da suka zo, kwanan wata kuma wani ya fara da rana wani ya fara da wata. Sai a ce maka cikin minti talatin ka fito mana da jimillar kowace ƙaramar hukuma ka gaya mana wacce ce ta ja baya. Wallahi a nan ake rabuwa. Za ka ga mai CV shafi huɗu cike da satifiket ya ɗauko kalkuletar waya yana haɗa lambobi ɗaya bayan ɗaya, gumi yana keto masa, sannan ka ga wata yarinya mai difloma ta fara tace sunayen ta daidaita su, ta cire layin da ya maimaitu, ta jawo Pivot Table, abin da ke haɗa jimilla a Excel, kafin lokaci ya cika ta ɗago kai ta ce mana akwai layi kaza da lambobinsu ba su yi mata daidai ba, ba ta goge su ba ta sa musu alama ne a kira asibitin a tambaya. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce take sa mu kalli juna, don ta nuna ta san data mutane ne suka rubuta ta kuma mutane suna kuskure, ba kuma hurumin mai nazari ba ne ya ƙirƙiro lambar da ta yi masa daɗi.

Kaga dalilin da ya sa satifiket ɗin kammala kwas ba ya da nauyi a wurinmu. Mun san yadda ake samunsa, mutum zai iya kunna bidiyo ya tafi sallah ya dawo ya tarar ya ƙare, tambayoyin ana maimaita su har sai an ci, amsoshin suna yawo a intanet, tun da ChatGPT ya fito ƙarshen 2022 kuma abin ya ƙara sauƙi. Na taron Zoom kam shaidar halarta ce kawai, ka cire su daga CV ɗinka gaba ɗaya suna cinye maka wuri ne. Waɗanda suke da nauyi su ne na jarrabawar da ake tsare mutum, kamar CCNA ta Cisco ga masu harkar netwok, ko CompTIA A+, ko PL-300 ta Microsoft ga masu Power BI, manhajar mayar da bayanai zane-zane, waɗannan ana duba katin shaidarka, ana kallonka ta kyamara ko a cibiyar jarrabawa, kuma ana faɗuwa. Kuɗinsu da dala ake lissafawa, don haka sai ka iya aikin tukuna za ka tunkare su.

Kada ka ɗauka ina kushe kwasa-kwasan ne fa, ilimin da ke cikinsu na gaske ne, abin da malaman Harvard da Stanford suke koyarwa yau yana cikin wayar yaro a Gumel ko Maraɗi, wannan ni'ima ce da iyayenmu ba su samu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne gamawa da kuma aikatawa. Wani bincike da Justin Reich da abokin aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan MIT da Harvard na dandalin edX ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu rijista suke kammalawa, kuma wannan lissafin duniya ne har da ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta. Mu nan ga NEPA ga tsadar data, musamman bayan hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairu 2025, ga hidimar gida, kai ga makin ɗin ɗalibai yana jiranka da daddare. Saboda haka wanda ya buɗe kwas biyar a lokaci ɗaya ya riga ya shirya faɗuwa, guda ɗaya za ka kama.

Wanne ɗin? Daga aikin za ka faro ka dawo baya zuwa kwas. Ka zauna mako guda kana karanta tallan guraben aiki a Jobberman da MyJobMag da ReliefWeb, ka nemo irin su Data Officer da M&E Assistant da Data Clerk a Kano, Kaduna, Maiduguri, Sakkwato, ka samu littafi kana rubuta abin da kowanne ya nema, za ka ga abubuwa kaɗan ne suke ta maimaituwa. Excel ne a gaba kullum, sai KoboToolbox ko ODK na tattara bayanai da waya, sai DHIS2 wanda shi ne tsarin da ake shigar da bayanan lafiya na ƙasa a Najeriya, sai Power BI, sai iya rubuta rahoto da Turanci mai tsafta. Python da SQL, harsunan kwamfuta na sarrafa data, suna da kyau kuma za ka kai gare su, amma na ga yara da yawa sun shafe watanni suna fama da Python alhali ba su iya VLOOKUP na Excel ba, kuma aikin farko da za su samu a arewa Excel zai tambaye su.

Duk waɗannan akwai inda za ka koya ba tare da dubu 150 ba. Kwas ɗin Google Data Analytics yana kan Coursera, kuma akwai neman tallafi a shafin kwas ɗin, za ka rubuta dalilinka da halin da kake ciki ka jira kamar mako biyu a rage maka kuɗin ko a yafe, ka rubuta gaskiyarka da kanka kada ka kwafi na wani. DHIS2 jami'ar Oslo ce take kula da shi kuma suna da kwasa-kwasan farko kyauta a makarantarsu ta onlayin. Kaya, dandalin koyar da ma'aikatan jin ƙai, yana da darussan M&E kyauta. Kobo kuwa buɗe akawun kyauta ne, yau ɗin nan za ka iya tsara fom ka sauke KoboCollect a wayarka ka gwada, yana aiki ko babu netwok sai ka samu sabis ka tura. Sannan akwai 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar ƙarshen 2023 tare da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa NITDA, aka fara da mutum dubu 30, nazarin data yana cikin fannoninsa kuma ba a biya, abin da na fi so a tsarin shi ne ana haɗa karatun onlayin da haɗuwa ido da ido a cibiyoyi cikin gari, in an buɗe rijista ka cike. Arewa Data Science Academy su ma suna horar da matasan arewa kyauta. Wanda Turanci yake yi wa nauyi, Engausa ta Injiniya Mustapha Habu Ringim a nan Kano da Hausa suke koyar da fasaha, ko da yake a layin data dole a hankali ka ƙarfafa Turancinka don rahoton da shi za ka rubuta. 'Yan'uwa mata da ke gida da aure ko reno, duk abin da na lissafa ɗin nan ya shafe ku, kuma a ayyukan lafiya ana neman mata masu tattara bayanai ido rufe saboda su ne suke iya shiga cikin gidaje.

Yanzu ga abin da zai maye gurbin satifiket goman nan a CV ɗinka, kuma yana gabanka ba ka lura ba. Makarantar da kake koyarwa tana da sakamakon ɗalibai na zango-zango, mai yiwuwa da biro ake haɗawa ana kuskuren jimilla iyaye suna zuwa ƙorafi. Ka je wurin shugaban makaranta ka ce a ba ka aji ɗaya ka gwada, ka tsara Excel da zai haɗa maki da kansa ya fitar da matsayi da giredi, ya nuna darasin da yara suka fi faɗuwa, ya kwatanta zangon farko da na biyu, in ya yi kyau a ba ka makarantar gaba ɗaya. A nan za ka haɗu da duk matsalar da na ba ka labari a intabiyu, Muhammad ɗaya an rubuta shi Muh'd da Mohd da Mamman, yaro biyu suna ɗaya a aji ɗaya, wani bai rubuta gwaji ba an bar wurin fanko wani malamin kuma ya sa sifili, kuma su biyun ba ma'anarsu ɗaya ba wajen fitar da matsakaici. In za ka nuna aikin a waje ka cire sunayen yaran ka sa lambobi, amana ce. Na biyu, tunda Ekonomiks ka karanta, hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS tana sakin rahoton farashin kayan abinci a shafinta kyauta, ka sauke na watanni da dama ka bi farashin shinkafa da wake da masara, ka kwatanta jihohin arewa maso yamma da na kudu, ka yi zane biyu uku masu sauƙin fahimta da bayani shafi ɗaya, ka ɗora a LinkedIn. Mai ɗaukar aiki in ya ga wannan ya ga hannunka, kuma a intabiyu kana da abin da za ka yi bayani a kai da bakinka ba haddar ma'anar kalmomi ba.

Shi kuma mai kwas ɗin dubu 150, ban ce macuci ba ne, akwai masu koyarwa na kirki kuma haƙƙinsu ne a biya su. Amma ka san abin da kake saye. Bidiyo kyauta ne a YouTube, abin da ya cancanci kuɗi shi ne mutumin da zai duba aikinka ya ce nan ka yi kuskure, da abokan karatu da za su sa ka ji kunyar dainawa. Ka tambaye shi su nawa ne a aji, wa yake duba aikin gida, shi kansa a ina ya taɓa yin aikin data, kuma ya haɗa ka da mutum biyu da suka gama a wurinsa ka kira su da kanka ka ji me suke yi yanzu. In ya fara kame-kame, ko tallarsa duk hoton alat ne da alƙawarin za ka fara cin dala cikin wata ɗaya, ko ya ce in ka kawo mutum uku za a ba ka kamasho, to wannan kasuwarsa kai ne, ka kama gabanka. Haka duk wanda ya ce ka biya kuɗi a ba ka aiki a wata ƙungiya, ƙungiyoyin kirki ba sa karɓar ko kwabo wajen ɗaukar ma'aikata.

Maganar aiki daga gida ana biyanka da dala, akwai shi, na san masu yi, amma a shafukan neman irin wannan aikin kamar Upwork da Fiverr gasa kake da mutanen Indiya da Pakistan da Filifin da suka tara shekaru da shaidar kwastomomi, kuma Bature ba zai karɓi uzurin an ɗauke wuta ba. Ka fara da na kusa. Aikin wucin gadi na tattara bayanai lokacin bincike ko zagayen rigakafi, ko riƙe wa wani ɗan kasuwa a Kwari ko Singa ko Dawanau lissafin kayan sito da bashin kwastomomi, kuɗin ba yawa amma nan ake samun wanda zai ambaci sunanka ranar da gurbi ya fito, don gaskiya yawancin ayyukan nan kafin a buga talla an riga an tambayi na ciki ko sun san wani mai hannu. Mastas ɗin kuma tana nan ba inda za ta, in ka shiga layin ka yi shekara biyu uku za ka ga da kanka wacce kake buƙata, ta kiwon lafiyar al'umma ce ko ta ƙididdiga ko MBA, lokacin kuma albashinka ne zai biya.

Kuɗin da ke hannunka laftof za ka sa su. Waya za ta kai ka wani wuri, za ka kalli darasi, ka sauke bidiyo da datar dare ka rage ingancinsa zuwa 360p don kada ya cinye maka data, ka yi Kobo, amma Excel na gaske ba ya yiwuwa a waya, Power BI Desktop kuwa sai kan Windows. Ba sai sabuwa ba, ta hannu ta wadatar, irin su HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, ka nemi Core i5 da RAM 8GB da SSD, in kuɗin bai kai ba ka ƙara haƙurin wata biyu kana tarawa maimakon ka sayi mai RAM 4GB da za ta riƙa sanƙarewa da ka buɗe babban fayil. Ka tafi da wanda ya san kan kwamfuta, ku cire caja a shagon ku kunna bidiyo ku ga yadda batirin yake sauka, ku danna kowane maɓalli na kibod, ku gwada kyamara da wurin sa filas, kuma mai shagon ya rubuta maka a rasit kwana nawa ya ba ka na dawo da ita in ta ba da matsala.